Shawara nake nema: in je kallon Steve Hackett ko in tsaya ga faifan Abba?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena masu sauraron rok mai dogon zango, wanda ake ce wa firog, shawara na zo nema. Ku yi mini haƙuri da tsawon bayani, don sai na ɗauko zancen daga gida sannan za ku gane yadda tikiti guda ya hana ni sukuni kwana huɗu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Ingila a farkon shekarun 1970. Da akwatin ƙarfe guda ya dawo, rabi littattafai rabi faya-fayan garmaho. Kafin in yi wayo zafi ya lanƙwasa yawancinsu, sai guda ɗaya da ya ware yake ajiyewa a tsaye tsakanin manyan littattafansa: Foxtrot na ƙungiyar Genesis, na 1972. Bangon ne ya fara jan hankalina. Wata halitta ce cikin jar riga irin ta mata, kanta na yanyawa, tana tsaye a kan ƙanƙara a cikin teku, ga mafarauta bisa dawakai a gaɓa. Tsoron hoton nake ji, amma kullum sai na roƙi a ba ni in riƙe.

Ranar Asabar bayan la'asar Abba zai shiga falonsa, ya goge faifan da wani tsumma mai laushi, ya ɗora gefe na biyu. Ban taɓa ganin ya fara da na farko ba. Da "Horizons" gefen yake buɗewa, jita ce zalla, ba ta kai minti biyu ba. Daga nan sai "Supper's Ready", minti 23 a jere, kashi bakwai cikin waƙa ɗaya. Muddin tana tafiya Abba ba ya karatu, ba ya amsa magana. In ka shigo sai ya nuna maka kujera da hannu: ko ka zauna ko ka fita, amma ban da surutu. In aka ɗauke wuta a tsakiya kuwa, ba ya ɗorawa daga inda ta tsaya. In an dawo da ita, daga farko yake komawa.

Akwai wani tabo a faifan. Can wajen ƙarshe, inda bugun ya koma tara-tara, ogan ɗin Tony Banks na ta hawa, sai allura ta yi tsalle. Abba ya san wurin kamar yunwar cikinsa. Kafin a iso sai ya ɗaga yatsa, allura ta tsallake, ya sauke yatsan. Ni dai na tashi ina zaton haka makaɗan suka yi ta. Sai bayan rasuwarsa, a 2019, na sa waƙar a waya, na ji wasu 'yan daƙiƙoƙi da ban taɓa ji ba a rayuwata. Har yau in na iso wurin jikina jiran tsallen yake yi.

Yanzu ga tambayar. Ina karatun digiri na biyu a arewacin Ingila. Steve Hackett, wanda ya kaɗa jita a faifan nan, yana zagaye bana, wato 2022, don cikar Foxtrot shekara 50, kuma zai kaɗa faifan baki ɗaya. Zai zo garin da ba ya wuce tafiyar awa guda a jirgin ƙasa daga inda nake. Tikiti da kuɗin jirgi sun kai cefanen sati biyu, ni kuwa aikin ɗan dako nake yi a wani sito Asabar da Lahadi don in rufa wa kaina asiri.

Amma gaskiya ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Peter Gabriel, mawaƙin da muryarsa ke faifan, ya bar Genesis tun 1975, kuma ba ya rera waɗannan waƙoƙin. Phil Collins, mai gangar faifan, ya yi sallama da dandamali a Landan a watan Maris ɗin 2022, a zaune bisa kujera, ɗansa Nic ne a kan ganguna. Babu Banks, babu Mike Rutherford mai jitar bes. Mutum ɗaya ne cikin biyar, yana da shekara 72, sai wani mawaƙin daban, Nad Sylvan. Mu kuma mun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ina tsoron in je in ji wata murya a inda ta Gabriel take, in dawo abin ya sire mini, in rasa har falon Abba na ranar Asabar.

Waɗanda suka taɓa zama a zaure suka ga makaɗan nan da ido, don Allah ku faɗa mini: me zaure ke bayarwa wanda faifai ba ya bayarwa? In je, ko in bar abin yadda Abba ya bar mini shi?

Baba Masaƙi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Jikata ce ke buga mini wannan, ni idanu sun yi rauni, amma maganar tawa ce.

Na je Manchesta a 1972 koyon aikin masaƙa. A watan Fabrairun 1973 wani Bature abokin karatuna ya ja ni zuwa Free Trade Hall, a titin Peter, wanda na ji an mayar otal yanzu. Ban san Genesis ba, ban taɓa jin ko sunansu ba. Sanyi ne ya ishe ni a ɗaki, na ce bari dai in bi shi.

Da aka kashe fitilu, ba mu ga kowa ba tukuna. Wani sauti ne ya fara cika zauren, kamar gogen mutum ɗari ana ja a tare, daga nesa. Na dube-dube ina neman inda masu gogen suke. Ashe akwati ɗaya ne a gaban Banks, Mellotron. A Bamingam ake ƙera shi a lokacin. Kowane maɓalli yana da nasa zaren kaset a ciki, an naɗi sautin goge ko sarewa a kai, kuma bai wuce kimanin daƙiƙa takwas ba zaren ya ƙare, dole mai kiɗa ya ɗaga yatsa ya sake dannawa. Na Banks ma daga hannun ƙungiyar King Crimson suka saya. A faifai sautin nan daga gabanka yake zuwa. A zaure kuwa kewaye ka yake yi, har ta ƙeya. Ga kuma Rutherford yana taka wasu maɓallai da ƙafa, amon ya bi katakon daɓe ya hau ta tafin ƙafarka har ƙirji. Wannan kam babu garmahon da zai ba ka.

An rataya farin labule a bayansu, ya rufe lasifikoki da wayoyi, ana haska shi da wata shuɗiyar fitila mai sa farin abu ya yi walƙiya. Sai ga Gabriel tsaye cak, da baƙar alkyabba, fukafukan jemage a gefen kansa, an zagaye idanunsa da kwalli mai ƙyalli, ya aske tsakiyar gashinsa daga goshi. Bai motsa ba har sautin ya gama hawa. Sauran kuwa a zaune suke: Hackett da gilashinsa ya sunkuyar da kai kan jita kamar mai ɗinkin hula, ko kallonmu bai yi ba. Collins yana can baya da gemu, yana ganga yana amshi.

Wani abu da ba za ka samu a faifanka ba shi ne tatsuniyoyin Gabriel. Tsakanin waƙa da waƙa sai ya tsaya ya ba da wani labari mai ban mamaki, fuska ba fara'a, mutane na dariya. Daga baya na gane dalili. Jitocinsu masu tsirkiya goma sha biyu ne, gyara su na cin lokaci, shi ne yake toshe shirun da labari. Kayan da yake sawa kuwa, ga yadda suka fara. A Dablin, watan Satumban 1972, ya fita tsakiyar waƙa ya dawo sanye da jar rigar matarsa da kan yanyawa, irin hoton da kake tsoro kana yaro, bai kuma shawarci 'yan'uwansa ba.

Da suka zo kan waƙar mahaifinka, na gan shi ya sa kansa cikin ƙaton fure yana tsalle, na gan shi da wani jan akwati mai kusurwa a ka a wurin bugun taran nan, a ƙarshe kuma ya yar da baƙaƙen kaya ya fito fari fat, riƙe da dogon ƙwan fitila kamar takobi. Ban fahimci ko kashi ɗaya cikin goma na Turancin ba. Amma minti ashirin da wani abu ban san ina Manchesta ba, ban san ana sanyi ba. An naɗi wasan daren nan. Faifan Genesis Live da ya fito a shekarar, waƙa ɗaya a ciki daga daren namu take, sauran daga Lesta. Ita doguwar ba su sa ta ba. Nakan ce wa 'ya'yana akwai tafina a cikin wancan faifan.

To, zancen waƙa a bakin mai ita. Gaskiya ne, amma ka tambayi kanka wane ne mai ita. Juya bangon faifanka ka karanta: su biyar aka rubuta. Wannan ba irin kiɗan da mawaƙi ke gaba, sauran na bin sa a baya ba ne. Kusan rabin waƙar babu murya ma. Jitar da ke kuka a ƙarshe, a bayan muryar Gabriel, hannun wa? "Horizons" da Abbanka ke farawa da ita kowace Asabar, ta Hackett ce shi kaɗai. Faifai shida ya yi da su, daga 1971 zuwa 1977. Cikin su biyar ɗin kuma shi ne ya riƙe tsoffin waƙoƙin yana yawo da su, lokacin da sauran suka juya wani wajen. In ba shi da haƙƙi a kansu, wa ke da shi?

Ka ji abin da ya same ni. 'Yan ƙungiyar Yes sun zo, na ce sai na gama jarrabawa. Emerson, Lake da Palmer sun zo, abokaina suka dawo suna ba ni labarin yadda Keith Emerson ke soka wuƙaƙe tsakanin maɓallan ogan don sautin ya tsaya, na ce wani jiƙon. A 1975 na dawo gida, masaƙa ta riƙe ni, sai aure, sai 'ya'ya. Chris Squire na Yes ya rasu a 2015. Emerson da Greg Lake a shekara guda suka tafi, 2016. A 2022 kaɗai Ian McDonald na King Crimson ya tafi a Fabrairu, Alan White na Yes a Mayu. Dare ɗaya tak na samu, shekara 49 ke nan ina cin moriyarsa. Ka sayi tikitin, ɗana. Ka ci garau-garau sati biyu.

Yaya Asabe ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, na karanta naka har sau biyu. Amma ka ba ni dama in ɗan ja wa ƙanena birki, don tsoron da yake ji ba na banza ba ne.

Ni ya taɓa faruwa da ni. Wata ƙungiya da nake so tun ina makarantar koyon jinya, ba zan kama suna ba, na tara kuɗi na je. Mawaƙin muryarsa ta tafi, sun sauke waƙoƙin ƙasa don ya iya kaiwa, duk da haka in an zo wurin hawa sai ya miƙa wa jama'a makirfo su ƙarasa masa. Gabana kuma wayoyi ne a sama tun daga farko har ƙarshe, ta allon wayar wani na kalli wasan. Na yi kuka a jirgin komawa, kuma na fi shekara ban iya sa faifansu ba. Saboda haka ba kowane zuwa ne alheri ba. Akwai masu kiɗa har yanzu, akwai kuma masu cin tsohon suna.

Abin da ya wanke mini zuciya King Crimson ne, a Royal Albert Hall, watan Yunin 2019, lokacin da suka cika shekara 50. Ka lura, ƙanena, a daren nan mutum ɗaya ne kawai daga waɗanda suka yi faifan farko na 1969, Robert Fripp. Kuma ban taɓa jin kiɗa mai rai irin na daren ba. Masu ganga uku suka jera a gaba, Pat Mastelotto da Jeremy Stacey da Gavin Harrison, sauran a kan tudu a bayansu, kowa da kwat. Bugu ɗaya sai su raba shi uku, ka ga ya taso daga hannun hagu ya ratsa tsakiya ya faɗa dama, kamar mata uku a kan turmi ɗaya. Fripp yana can gefe a zaune, abin ji a kunne, fuskarsa na kallon abokan kiɗansa.

Tun kafin a fara aka roƙe mu mu ajiye waya. Sharaɗin shi ne, sai Tony Levin mai jitar bes ya ɗauko tasa kyamarar a ƙarshe, sannan kowa ya ɗauki hoto. Da farko na ji haushin dokar. Can na gane alfanunta, don ban taɓa zama cikin dubban mutane da suka yi tsit haka ba. Fitilar ma ba ta canzawa, haske ɗaya ne har aka zo "Starless". A tsakiyar waƙar nan jita takan tsaya kan sauti guda tana nanata shi, ta ɗan hau kaɗan ta sake nanatawa, bes na tafiya a ƙarƙashi da bugu goma sha uku, mintuna suna wucewa. A gida nakan tashi in ɗora ruwan shayi a daidai nan. A zaure babu inda za ka, dole ka zauna cikinsa. A hankali a hankali dandamali ya rine ya zama ja wur, ban ma ga lokacin da ya fara ba. Da abin ya fashe, saksafon ɗin Mel Collins ya shigo, sai na tarar na riƙe hannun kujera har yatsuna sun yi tsami. Ana cewa gani ya kori ji. A daren nan ni idona a rufe yake rabin lokacin, jin ne dai ya zama wani iri, saboda babu damar tsayarwa, babu komawa baya, kuma ka san mai kiɗan na iya kuskure a gabanka. Sun yi wasansu na ƙarshe a Tokiyo a Disambar 2021, ka ga da na ce sai wani karon, da shi ke nan.

Hackett yana cikin masu kiɗa har yanzu, hannunsa bai mutu ba, yana kuma fitar da sababbin faya-fayai. Don haka ni ma na ce ka je. Sai dai kada ka je neman Gabriel. Nad Sylvan ba shi ba ne. In ka zauna kana auna kowane baiti da na faifai, kai za ka cuci kanka.

Sai 'yan dabaru. In da hali ka nemi kujera ta tsakiya, kusa da teburin mai daidaita sauti, don abin da kunnensa ya ji shi yake gyarawa. Ka yi sallarka kafin ka shiga, wasan yakan ɗauki dare, da hutu a tsakiya. Ka duba jirgin ƙarshe tun yanzu. Kada ka damu da zuwa kai kaɗai, yawanci dattawa ne masu furfura, a zaune ake kallo, babu mai takura maka. Wayarka kuma ta kwana a aljihu.

Mai Ganga na Zangon Kumasi ya rubuta:

Ɗan'uwa, ni ban taɓa taka Ingila ba, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu da ido ba, saboda haka ka ɗauki maganata a matsayin ta mai leƙe ta taga.

Ta hanyar bango na shigo wannan kiɗan. Kawuna yana da faya-fayan Osibisa biyu na 1971, masu hoton giwaye da fukafukai. Teddy Osei ɗan garin nan ne, a Landan suka kafa ƙungiyar. Wata rana a wurin mai sayar da tsoffin faya-fayai na ga wani bango, na ce wannan hannun na san shi. Ashe Roger Dean ne, wanda ya zana wa Osibisa, shi ya koma yana zana wa Yes. Saboda hoto na saya, kiɗan ya riƙe ni.

Wasan da na fi kallo a duniya babu ɗan kallo ko ɗaya a cikinsa. Pink Floyd ne a Pompeii, a Italiya, watan Oktoban 1971, a tsohon filin wasan Rumawa, daga su sai ma'aikatan ɗaukar hoto da rana da ƙura. Akwai inda sanda ta kuɓuce wa mai gangarsu Nick Mason yana tsakiyar bugu, ya zaro wata bai rasa ko taku ɗaya ba. Na maimaita wurin nan ya fi sau ɗari. A faifai da an goge an sake. Abin da nake nema a wasan ido ke nan, in ga hannu yana aiki, in ga yadda mutum ke fita daga tsaka mai wuya.

Tabon faifan Abbanka kuwa a wuri mai daraja ya faɗa. Ni mai ganga ne, na sha fama da wurin. Taran nan ba uku-uku-uku ba ce irin wadda hannunmu ya saba. Uku ce, sai biyu, sai huɗu. Bes da jita suna riƙe da ita ba sa saki, ogan kuma yana tafiya da nasa lissafin a sama, su rabu, su yi nisa, can su sake gamuwa. Mai ganga yana tsakiya, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. Wata uku na yi kafin hannuna ya daina komawa shida.

In ka je, ina da saƙo. Idan aka iso wurin, ka kalli mai gangar a madadina. Ina so in san ko bakinsa na ƙirga, ko abin ya riga ya zauna masa a jiki.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Baba, Yaya, ɗan'uwana na Kumasi, Allah ya saka da alheri. Na je. Daren jiya ne, ban yi barcin kirki ba, ga shi ina rubutu kafin in tafi sito.

Na samu kujera layi uku a bayan mai daidaita sauti, kamar yadda Yaya ta ce. Kashin farko waƙoƙin Hackett ne na kansa, yawanci ban san su ba, amma sun ishe ni in gane hannun yana nan. Bayan hutu aka kashe fitilu, sautin da Baba ya kwatanta ya taso. Baba, gaskiyarka, ta ƙeya na ji shi. Gefe na farkon ma, da Abba ba ya sawa, jiya na zauna na ji shi tiryan-tiryan, kuma akwai abubuwa a ciki da zan koma in nema.

Ba zan ɓoye ba, da Nad Sylvan ya buɗe baki a farkon doguwar waƙar, zuciyata ta ƙi. Minti biyu ko uku ina jin kamar baƙo ne ya zauna a kujerar Abba. Abin da ya sauko da ni shi ne dattijon da ke damana. Idonsa a rufe, hannuwansa bisa gwiwa, leɓensa na bin kowace kalma ba sauti. Na waiga, layin gaba ɗaya haka suke. Ban taɓa sanin akwai wasu masu irin zaman Abba ba. Shekara da shekaru ina zaton shi kaɗai ne, a falo ɗaya, ranar Asabar. Daga nan na daina auna murya.

Kafin ita, da Hackett ya ɗauki jitar katako shi kaɗai ya yi "Horizons", har ƙarar yatsunsa a kan tsirkiya ana ji. Babu wanda ya yi ko tari.

Mai Ganga, na isar da saƙonka. Ba ya ƙirga. Bakinsa a rufe, kansa na kaɗawa da tafiyar ogan, hannuwa da ƙafafu na riƙe da taran, har yana waiga wa mai bes yana murmushi. Ina cikin kallonsa ne muka iso wurin tabon. Wallahi ban yi niyya ba, sai na ga yatsana a sama. Su kuwa suka ratsa wurin suka wuce, babu tsalle, 'yan daƙiƙoƙin nan suka fito daga hannun mutane masu rai a gabana. Na sauke yatsan na rufe fuska. Dattijon bai ce mini komai ba, ya dai ɗan dafa kafaɗata ya janye hannunsa.

Akwai kuma abin da ban zata ba. A faifai waƙar ba ta ƙarewa, sauti ne ke raguwa har ya ɓace, allura ta shiga tsakiya tana ƙas-ƙas, Abba ya tashi ya ɗaga ta. Jiya ba ta ɓace ba. Bayan baitin ƙarshe Hackett ya ci gaba da jan jitar, ya ja, ya ja, ya kai ta inda faifan bai taɓa kaiwa ba, sannan duka suka sauke tare. Zauren ya miƙe tsaye.

Sun dawo sun yi "Firth of Fifth". Ta ƙarshen ban ji ta duka ba, da gudu na isa tasha, saura minti huɗu jirgi ya tashi. A cikin jirgin na kira ƙanena a gida, na tashe shi daga barci, na ce ya duba mini ko faifan yana nan a tsaye tsakanin littattafan. Ya ce yana nan. Ya ce ya ji akwai masu gyaran tabo, ko ya nema? Na ce kada ya kuskura ya taɓa shi.

Baba, in jikarka ta samu lokaci, wace waƙa ce a Genesis Live ɗin ta daren naku? Ina so in sa abin ji a kunne in saurari tafin.